Sabuwar Kujerar Iya

Ranar Asabar da hantsi mai gilashi ya shigo gida rungume da kwali, yana haki, bakinsa har kunne. Ko sallamar bai ƙarasa ba ya ce, "Maman yara, ba ni hanya, na kawo ganga."

Matarsa ta leƙo daga kicin, hannu duk kumfa. "Ganga kuma? Ka bar yankan gilashi ka koma kiɗa?"

"Wufa ce, sifikar da ke fito da amon ganga. Mai araha ce, amma mai shagon ya ce in ta yi gurnani sai kin riƙe ɗankwalinki."

Shekara goma sha ɗaya rediyonsa na kan kanta a falo, amfilifaya da ƙananan sifika biyu, yana lallaɓa su kamar ƙwai. Murya na fita tas, sarewa ma haka, amma da ganga ta shigo sai ka rantse gwangwanin madara ake bugawa da cokali. Abin ya daɗe yana sosa masa rai.

Ya yage kwalin. Baƙin akwati ne da bai kai gwiwa ba, da tasa wayar wuta. Ya juya bayan amfilifayar yana neman ramin wufa, babu shi babu dalilinsa, don tsohuwar yayi ce. Ya buga wa mai shagon waya.

"Kada ka damu," in ji mai shagon. "Ja waya daga inda sifikokin suka shiga. Ja da ja, baƙi da baƙi. In ka gama, ɗora ta kan kujerar da ake zama, ka bi gefen bango da rarrafe. Inda ka ji ta fi daɗi, nan ne wurinta."

Ya fere bakin wayoyin da haƙori, ya ɗaura, ya sa kaset. Da yake ɗoki ya rufe masa ido, bai lura maɓallin wufar yana ƙurewa ba.

Duum! Kofuna suka hau rawa a kabad, agogon bango ya karkace, kyanwa ta bi ta taga ba ko waiwaye. Matar ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariya har da durƙusawa.

"Ka ji ta? Ka ji ta?" Shi yake tambayar kansa, yana tsalle kamar wanda aka yi wa albishir.

Ya rage, ya ciccibi akwatin ya ɗora kan babbar kujera, ya naɗe ƙafar wando, ya zube ƙasa. Ƙato guda mai furfura a gemu ya kama rarrafe, kunne a karkace.

"Allah Ya sa kada maƙwabta su leƙo," in ji matar, tana share hawaye. Ba a yi minti biyu ba ita ma tana ƙasa. "Wallahi a bayan ƙofa ta fi daɗi."

"Ina! Nan ƙugi kawai take yi. Zo ki ji ƙarƙashin taga."

Suna cikin wannan musu, goshi ya kusa haɗuwa da goshi, sai ga Iya, mahaifiyarsa, ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda. Shekara shida ke nan kunnenta ya toshe gaba ɗaya, sai da hannu ake mata magana, ita kuwa in ta buɗe baki har titi ake ji.

"Me ya faɗi? Allura kuke nema?"

Ba ta jira amsa ba ta nufi kujerar, don nan take zama kullum. Ta tarar da baƙon akwati ya riga ta. Ta ja tsaki, ta kai hannu za ta ture shi, sai hannun ya tsaya cak.

Mai gilashi ya ɗago kai. Ya ga ta lumshe ido, ta ƙara ɗora ɗaya tafin.

"Kai," ta ce, "wannan abin rai gare shi?" Ta ƙara danna tafinta. "Ganga ce! Ganga ce wannan!"

Ƙafarta ta fara buga ƙasa, daidai da kiɗan, ko kuskure ɗaya babu. Shi dai yana nan a durƙushe, baki buɗe. Rabon da ya ga kafaɗar Iya ta motsa haka har ya manta.

"Sauke min shi ƙasa! Ƙara!"

Ya sauke, ya murɗa maɓalli. Iya ta tuɓe silifas, ta miƙa wa surukarta sanda, ta jingina ƙwauri da akwatin ta shiga juyi. Matar ta ɗaga sandar sama tana tafi da hannu ɗaya a cinya. Mai gilashi ya miƙe zai taya su, dariya da kuka suka haɗe masa, ya rasa wanda zai fara. Kofi ɗaya ya gangaro daga kabad ya tarwatse, ba wanda ya ko kalle shi.

Da ta gaji, Iya ta zauna daram a kan wufar, a tsakiyar falo, tana fifita da gefen mayafi. Ya nuna mata ƙarƙashin taga da hannu, alamar can ne wurinta. Ta girgiza kai.

"Ka sayo wa kanka wata. Wannan tawa ce."

Haka suka wuni. Ya kwaso kasakasai ya zube gabanta, yana sawa ɗaya bayan ɗaya, ita tana yanke hukunci daga inda take zaune. Ya sa wanda ya fi so duk duniya, mai sarewa da murya zalla, ya tsaya yana kallonta da fata.

Iya ta ɗan gyara zama, ta jira, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba nama a jikinsa. Cire, sa wani."