Shafin Ɗinkin da Ya Goge

Sana'ar wani da ake kira Injiniya ita ce ajiye wa mutane shafukansu na intanet. Da kuɗin lasisin manhajar sarrafa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan, ya tashi, aka koma caji kan kowane shafi, sai ya zauna a shagonsa yana goge waɗanda aka daɗe ba a sabunta ba. Don sauri ko kwafi bai ajiye ba.

A gida ya tarar da matarsa bakin keken ɗinki tana danna waya.

"Baban yara, shafina ya ƙi buɗewa. Har matarka ka fara yanke wa layi?" ta ce tana dariya.

Nan take ya tuna yana cikin waɗanda ya goge. Shafin ne da ya gina mata lokacin yana nemanta, don dai ya riƙa samun dalilin ganinta. Ya ɗauka ta manta da shi.

"Har yanzu kina shiga?"

"Kullum. Hotunan marigayiya Yaya ne a ciki, sanye da ɗinkina na farko. Babu su ko'ina. Ci abinci ka gyara min."

Ya zauna yana kallon kwanon, ya rasa ta ina zai fara gaya mata.