Kuɗin da Ba Su Isa Banki Ba

Akawun shagon siminti tana da wata ɗabi'a. Da zarar kawunta, direban shagon, ya saɓa jakar ciniki ya nufi banki, sai ta cike gefe biyun littafi a zama ɗaya: gefen tsabar kuɗi ta rubuta sun fita, gefen banki ta rubuta sun shiga. Ƙa'ida dai a jira takardar banki tukuna. To amma wa zai tsaya jiran takarda a kan mutumin da ya goya shi? Aikin ma Kawu ne ya samar mata.

Yau ma tun da hantsi ta cike abinta. Ga shi rana ta karkata, banki ya tashi, babu Kawu babu labarinsa. Wayarsa ta yi ta shiga ba a ɗauka, daga baya aka ji ta a kashe. Leburorin shagon sun jeru a kan buhuna, kowa na kallon titi.

Mai shago ya shigo ofis ya tura ƙofa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Akawu, littafinki ya ce kuɗina na banki. Banki sun ce ko ƙeyar kawunki ba su gani ba."

"Yallaɓai, ƙila layi ne ya..."

"Layi a bankin da aka kulle?" Ya turo mata biro. "In kin bar shi haka, ke kika yi ƙarya. In ba haka ba, soke gefen banki, ki rubuta sunan wanda kuɗin ke hannunsa. Da shafin zan tafi wurin 'yan sanda."

Ta riƙe biron. Kawu fa, mutumin da ko canjin mai ya rage sai ya dawo da shi! Hanyarsa ɗaya kullum, lungun bayan garejin da babu kowa, kuma duk unguwa an san jakar nan. Irinsa ba ya gudu. In kuwa bai gudu ba, to wani ne ya tare shi.

Ta ja layi a kan gefen banki, ta rubuta sunansa, tana roƙon Allah da zuciya ɗaya ya sa kawunta ɓarawo ne.