Igiyar Baba Mala

Ruwa ya kai wa shanun ƙirji lokacin da suka toge. Maigidana Habu ya buga, ya lallasa, ko taku ɗaya ba su ƙara ba. Ni da Inna Kaltume muna bisa amalanken, ta ɗora kan mijinta Baba Mala a cinya, ni kuma ina tare masa rana da mayafina. Baba Mala maƙwabcinmu ne, zana ɗaya ta raba gidajenmu. Tun safe hanjinsa ya murɗe, likitan da ke tiyata mafi kusa kuwa yana ƙetaren iyaka, bayan wannan korama.

"Habu, bar dukan su," ya ce da ƙyar. "Sun fi ka sanin ruwan nan."

"Baba, bari in gwada ta wajen giginyun can."

"Juya da mu, ɗana."

Muka juya, muka kama doguwar hanyar Dungas. Ba mu yi rabinta ba ya cika, bayan la'asar kaɗan. Inna Kaltume ta shafa masa ido. Ni ban yi kuka ba a lokacin, sunan mutum ɗaya kawai nake ta maimaitawa a raina: Sambo.

Shekara biyu baya aka kawo wani furoje na ƙasashen biyu. Za a bincika wace hanya mutane suka fi bi zuwa ƙetare, a zuba mata jar ƙasar latirit, a yi gada, har da gefen amalanke da kekuna. Hanya biyu ke takara, tamu da ta garin surukan Sambo. Shi Sambon ɗan garinmu ne, a amalanken Baba Mala ya yi ta zuwa lakwal, makarantar boko, yana ɗigar majina. Da ya samu aikin anketi, na ƙidayar masu bin hanyoyin, aka ba shi kaye da bik na rubutu da hula, sai ya koma Mushe Sambo, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci.

"Ka zo ran Alhamis," Baba Mala ya ce masa, "ranar kasuwar ƙetare. Nan za ka ga hanya."

"Alhamis, Baba, in Allah ya yarda."

Ran Litinin ya zo, da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya bin hanyar. Ya zauna gindin gawo ya rubuta amalanke huɗu, babur biyu, jaki ɗaya. Jakin ma na san shi, ɓata ya yi. Alhamis ɗin kuwa a garin surukansa ya yi ta, ana kai masa fura.

Baba Mala bai yi boko ba, amma shekara arba'in yana ratsa koramar nan. Alhamis ta gaba ya ɗauki igiyar rama ya zauna bakin ruwa tun hantsi. Duk amalanken da ya wuce, ya ƙulla ƙulli ɗaya. Da magariba ya tashi da ƙulli ɗari biyu da sha ɗaya. Ya naɗe igiyar ya kai har biro, ofishin furojen, a Magariya. Sambo ya dube ta ya yi dariya.

"Baba, ai rapor da muke rubutawa ba ya karɓar igiya."

Gada ta tafi garin surukai. Igiya ta dawo ta rataye a ƙusa, bakin ɗakin Baba Mala.

Sadakar uku ta faɗo ran Alhamis. Sai ga Sambo cikin motar kat-kat ta furoje, farar shadda har ƙasa. Ya zauna cikin maza ya yi ta share ido, ina leƙensa ta zana kamar in watsa masa kunun da ke hannuna. Da aka shafa fatiha ya ce yana sauri, akwai taro a ƙetare, zai yanke ta korama tunda ruwa ya janye.

Ruwa ya janye, gaskiya ne, amma jiƙaƙƙen yashi bai san mota ba. Ba a jima ba ya dawo a ƙafa, wando naɗe, taɓo har gwiwa. Maza sun watse, ya tsaya bakin zaure yana sallama. Inna Kaltume tana takaba, ba ta ɗaga kai ba.

"Hinda, ke ki ba shi amsa," ta ce.

Na sauke igiyar daga ƙusa na fita.

"Yaya Hinda, a taimaka mini da shanu da igiya. Motar ta nutse."

"Waɗanne shanu, Mushe? Amalanke huɗu ne a hanyar nan, kai ka rubuta. Duk huɗun sun tafi kasuwa."

Shanun Baba Mala suna bayana suna tuƙa, yana kallonsu.

"Yaya, don Allah. Ban san abin zai kai haka ba."

"A cinyar matarsa ya mutu, yana kallon ƙetare. Shanu babu. Igiya dai ga ta, tun bara waccan take jiran ka karɓa."

Na jefa masa ita a ƙirji. Wallahi daɗi na ji, kuma har yau ban nemi gafarar wannan daɗin ba.

Da yamma na tafi ɗibar ruwa, na tsaya can nesa. 'Yan kasuwa sun fara dawowa, labari kuma ya riga su. Amalanke bayan amalanke suna ratsa koramar, su kauce wa motar, su wuce, ba mai ce masa ko sannu. Sambo yana zaune bisa kan motar, takalmansa a gefe, igiyar a cinyarsa. Duk amalanken da ya wuce, sai babban yatsansa ya matsa zuwa ƙulli na gaba.