Mama Sufeto da Malam Dogo

Dutsen farko taga ya samu, gilashin ya zube a kan teburin yankan yadi. Mai Ɗinki ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ta dubi maƙwabciyarta da ke zaune a kan benci tana ɓalle maɓallin takalmi.

"Mama, kada ki motsa."

"Tagarki aka fasa, kuma don ni aka zo. Ya za a yi in zauna?"

Unguwar kakaf Mama Sufeto ake kiranta. Ita ofishin Bishop na cocin Angilika ya ɗora wa duba makarantun coci na yankin. Kullum tana kan tsohon babur ɗinta, yau a wannan makaranta, gobe a waccan. Malamai kan yi mata tsiya cewa kafin ta gaida hedimasta sai ta gaida ban-ɗaki. Amma duk makarantar da ta samu sabon kwano ko benci, an san bakinta ne ya jawo. Rigunan makarantar da ke jibge a shagon ma ita ta roƙo daga ofishin, don yaran da iyayensu ba su da hali.

"Ki fito! Na ga babur ɗinki!"

Mai Ɗinki ta gane muryar. Malam Dogo ne, mai koyar da lissafi. Mama ce ta tsinto shi yana koya wa yara waƙa a coci, ta tsaya masa har ofishin Bishop ya tura shi kwalejin horar da malamai. Watan jiya ya zane wata yarinya da wayar lantarki, bakin wayar ya faɗa mata a ido, idon ya tsiyaye. Hedimasta ya so a rufe maganar. Mama ta riƙo hannun yarinyar ta kai ta gaban kwamitin ilimi, ta cire mata bandejin da kanta, ta ce kowa ya duba. A ranar aka raba Dogo da aji.

Mama ta mayar da takalmi ta fita. Mai Ɗinki ta bi ta, almakashi a hannu ba tare da ta san ta ɗauka ba.

Dogo na tsaye a bakin kwata, idanunsa jajur, riga ba maɓalli. Ƙaninsa na bayansa riƙe da guntun rodi. Mai shagon da ke kallon nasu ya ja ƙofarsa ya rufe. Matan da ke layin famfo suka kwashi bokitai suka watse.

"Ɗana, ka ci abinci kuwa yau?"

"Kada ki ƙara ce min ɗanki! Duk makarantar da na je, sai a ce sunana ya riga ni zuwa. Matata ta kwashe yara ta tafi. Kin kashe ni, kina tambayata abinci?"

"Ban kashe ka ba. Na roƙi kwamiti, sun yarda ka riƙe sito a babban ofishi. Ka zo gobe mu je tare. Aji ne kawai ba za ka ƙara shiga ba."

"Ni za a mayar mai gadin kwalaye?"

"Yarinyar nan da ido ɗaya za ta tsufa, Dogo."

Ƙanin ya ture yayansa gefe. "Yaya, wai tsayawa ka yi tana maka wa'azi?"

Mai Ɗinki ta ga rodin ya tashi. Ta yi tsalle ta tare da hannun dama, ta ji ƙashin ya yi ƙas, almakashin ya faɗa kwata. Kafin ta buɗe baki ta yi ihu, duka na biyu ya sauka a gefen kan Mama. Tsohuwar ta juya kamar mai neman wanda ya kira ta, gwiwoyinta suka saki, ƙeyarta ta bugi simintin kwata. Ƙanin ya ƙara mata a haƙarƙari, ya ƙara, yana zagi.

"Kai! Kai! Ya isa!"

Dogo ne ya shaƙo wuyan ƙaninsa ta baya. Suka faɗi tare a kan babur ɗin. Ya fizge rodin ya yi jifa da shi, ya dinga naushin ƙanin a baki har haƙori ya faɗo, yana cewa, "Tsorata ta na ce mu yi! Tsoratarwa kawai!" Ƙanin ya ƙwace jikinsa ya ranta a na kare.

Jini na bin kunnen Mama yana jiƙa wuyan rigarta. Mai Ɗinki ta jawo rigar makaranta ɗaya da hannun hagu ta danna a kan raunin, nan take ta rine.

"Jama'a, ku fito mana! Mutum ce fa, ba akuya ba!"

Ƙofofi suka fara buɗewa a hankali. Amma Dogo ya riga ya sungumi Mama a kafaɗa, ya nufi titi da gudu, ƙafafunta na reto a ƙirjinsa. Shi ya tare mota, shi ya shigar da ita asibiti. A bakin ƙofar ɗakin tiyata 'yan sanda suka same shi zaune a ƙasa, ya miƙa musu hannuwa tun ba su tambaya ba.

Mama ta yi kwanaki ba ta san inda kanta yake ba. Ranar da ta farfaɗo, Mai Ɗinki na gefen gado da hannu a ɗaure, Rabaran na cocinsu na tsaye yana shirin addu'a.

"Ƙanwata," in ji Mama da ƙyar, "ya hannun?"

"Ki bar ta hannu, Mama. Ke ya jikin?"

"Wa ke koya wa 'yan ajin Dogo lissafi?"

Rabaran ya sunkuyo. "Ba a samu kowa ba tukuna, Mama. Ki huta."

"Jarrabawa ta kusa. Ka gaya wa Bishop a turo musu wani. Mai haƙuri. A tambayi yaran da ya koyar, kada a tambayi hedimasta."

Rabaran ya ce zai faɗa. Ta lumshe ido, ta sake buɗewa.

"Dogo fa?"

Rabaran ya ce, "Yana hannun hukuma. An kamo ƙanin ma."

Mama ta ɗaga ido ta dubi silin. Leɓenta ya motsa, Mai Ɗinki ta kai kunne kusa, amma ba ta tsinci komai ba. Kafin la'asar, Mama ta cika.

Ranar jana'iza coci bai ɗauke mutane ba. Bishop ya yi magana, yara daga makarantun da Mai Ɗinki ba ta taɓa jin sunansu ba suka jeru har bakin titi. Mai shagon da ya rufe ƙofa ya zo zai yi mata ta'aziyya, ta kau da kai ta wuce.

Da ta dawo gida hadari ya haɗo. Ta leƙa ta kan katanga, ta ga wankin Mama na nan a kan igiya, ba wanda ya tuna da shi, rana ta ƙone shi har ya yi tauri. Ta zagaya ta shiga tsakar gidan. Da hannu ɗaya take cire zannuwan, tana kama gefe da haƙori tana ninkewa, yayyafi na sauka mata a wuya.