Injin Huda Ƙanƙara a Sentul

A garin da mutum yake wanka ya fito yana gumi, me za a yi da injin huda ƙanƙara? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan tun ranar da na leƙa kwamfutar maigidana, Zulkiflu, na ga wani Bature cikin riga kamar bargo, tsaye a kan tafkin da ya daskare, yana danna wani dogon ƙarfe mai murɗe-murɗe cikin ƙanƙara. Injin ya yi ƙara, ruwa ya ɓullo, Baturen ya zura ƙugiya ya jawo kifi. Maigidana kuwa ya kafe allon da ido har shayinsa ya huce.

Lokacin muna cikin kullen korona, can saman wani bene a unguwar Sentul, ƙasar Malesiya. Shi yana ƙarasa digirinsa na uku a kan kifin ruwan daɗi, ni ina fama da nawa na biyu. 'Yarmu Hureira tana Yawuri wajen mahaifiyata, Inna. Mun baro ta tana da shekara uku saboda bizarta ba ta fito ba, da niyyar in koma in ɗauko ta bayan 'yan watanni, sai aka rufe iyakoki. Alkawari ɗaya ne tsakanina da shi: da zarar ya gama kuma jirage sun tashi, sai gida, wajen yarinya.

Na ce, "Abban Hureira, wannan kuma fa?"

Ya yi firgigit ya rufe kwamfutar, ya amsa da salon 'yan Malesiya. "Ba komai, lah. Kallo ne kawai."

Da wata matar ce, da ta yarda. Ni kuwa na san gidan da na yi aure. Su Zulkiflu Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni, kuma a gidansu ba a faɗin tafiya, kayan aiki ake saye. Ba sa shiga baƙon ruwa da kayan aro. Surukata da bakinta ta ba ni labari: wata rana mijinta ya shigo da wata doguwar koma wadda ba ta dace da kogin Kwara ba, ya rataye ta a zaure bai ce uffan ba. Kafin wata ya ƙare ya tafi Tafkin Chadi shi kaɗai. Da ya dawo, Zulkiflu har ya fara gemu. To yau ga ɗan wannan mutumin yana nazarin injin da ba shi da amfani a Malesiya, ba shi da amfani a Yawuri.

Na sa masa ido. Kwana biyu sai ya fara kewaye-kewaye. Muna cin tuwo ya ce, kamar mai tambayar kuɗin tumatir, "Sakina, misali dai, da ke ce, mai fetur za ki ɗauka ko mai batir?"

"Mai fetur ɗin me?"

"Injin nan mana. Mai fetur yana da ƙarfi, amma ga nauyi ga hayaƙi, kuma in sanyi ya tsananta sai ka yi ta jan igiya ya ƙi tashi. Mai batir ba nauyi, ba ƙara, sai dai sanyi yana cinye batirin. Wai a cikin riga ake ɓoye shi don ya ji ɗumin jiki."

Na ce, "Mutumin da fanka take sa shi mura, shi ne zai ɗumama batir?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuwa tuwon ya fita daga raina. Mai kallon banza ba ya sanin inda ake ɓoye batir.

Na kasa riƙe abin ni kaɗai, na gaya wa maƙwabciyarmu Paulina, 'yar Jos, da muka haɗu a ƙasa muna jiran mai babur ya kawo mana abinci, kowa da takunkumi a fuska. Ta zaro ido ta saman nata.

"Maman Hureira, na so e dey start o! Mijin yayata da rigar sanyi ya fara. Wai ya ga sale, an karya kuɗinta. Yanzu yana can wata ƙasa, ita tana Bukuru tana jiran papers. Ki duba phone ɗinsa."

Ban duba ba. Ba don tsarkin zuciya ba, lambar ce ban sani ba. Amma daga ranar komai nasa ya zama abin zargi. In ya daɗe a banɗaki, waya yake yi. In ya wanke kwanuka ba a sa shi ba, bankwana yake yi mini a hankali. Har na kama kaina ina leƙa akwatinsa ko fasfo ya canja wuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hureira. Yarinyar da ta fara mance muryarmu, yanzu uban zai ƙara mata wasu shekarun?

Ranar wata Talata bayan la'asar na sauka kedai mamak, shagon abincin da ke bakin titi, na yi tapau ɗin roti, wato aka ƙunsa mini gurasar in tafi da ita gida. Na dawo na tura ƙofa, sai na tsaya cak. Yana durƙushe a tsakiyar falo, ya jera murafun tukwanena uku a ƙasa, ƙarami da matsakaici da babba, ga tef ɗin awo a wuyansa kamar tela. A hannunsa kuwa takalmin Hureira ne, ɗan ja ɗin nan da na taho da shi a jakata, wanda nake ɓoyewa ƙarƙashin zannuwana. Yana ɗora shi a kan wannan murfi, ya ɗauke, ya ɗora a kan wancan, yana magana ƙasa-ƙasa.

Ledar rotin ta suɓuce daga hannuna.

"Me kake yi da takalmin 'yata? Tafiyar ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da surkulle? Ka faɗa mini yau! Komar babanka ce wannan injin, ko ƙarya nake yi?"

Ya yi tsuru-tsuru. Can ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire tef ɗin daga wuyansa.

"Wata cibiyar bincike a Kanada ta ɗauke ni aiki," ya ce. "Da hunturu a kan ƙanƙara suke kamo kifin da za su auna."

"Na sani! Wallahi na sani!"

"Tsaya mana, Maman Hureira. Injinansu duk masu faɗin inci goma ne, don babban kifi ya samu hanyar fitowa. Ga faɗin nan." Ya nuna babban murfin, ya ɗora takalmin a tsakiya, ya yi masa ɗas da sauran fili. "Sun ce ran Asabar ma'aikata suna zuwa da iyalansu. Ramin inci goma, ƙafar yaro tana zurmawa har cinya, ruwan kuma ya fi na firji sanyi. Na takwas ma ban natsu da shi ba. Shi ya sa nake son in sayi nawa, mai batir, inci shida. Babban kifi ba zai fito ba, amma ƙafar Hureira ma ba za ta shiga ba. Ke da ita duk kuna cikin takardun. Ta Yawuri za mu bi."

Na ji sanyi a raina, kuma a lokaci guda na ji kamar in kwaɗa masa murfin. "To me ya hana ka buɗe baki ka faɗa? Makonni ina ciwon ciki a kanka!"

Ya sunkuyar da kai. "Ban iya ba, Sakina. Ban taɓa ganin an faɗa ba."

Na karɓe takalmin daga hannunsa. Ko tafin hannuna bai cika ba.

Na ce, "Dakta guda, da wannan kake awo? Wannan na 'yar shekara uku ne. Hureira ta shiga biyar."

Ya dubi takalmin kamar yau ya fara ganinsa. "Haka ne fa. To lamba nawa take sawa yanzu?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, in ƙara masa da gori. Sai na farga. Ni ma ban sani ba.

Muka kira Inna ta bidiyo, can hantsi ne a wajensu. Ta ce ita ba ta san wata lamba ba, da tsinke take zuwa kasuwa. Ta zari tsinken tsintsiya, ta kamo Hureira da ke noƙewa a bayan zaninta, ta ɗora ƙafarta a kan tabarma, ta auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya. Sannan ta ɗago tsinken ta kawo shi gaban wayar.

"Ga shi nan. Kun gani?"

Muka haɗa kai muna kallo. In ta matso da shi ya cika allon, in ta ja baya ya zama ɗan mitsitsi. Zulkiflu har ya ɗauko tef, sai ya ajiye. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye su ba.

Na ce, "Inna, ajiye mana shi. Za mu zo mu karɓa da hannunmu."

Na juya wajen maigidana. "Ba mai batir, ba mai fetur. Ba za a sayi komai ba sai na riƙe ƙafar yarinyar nan."

Bai yi musu ba. Ya rufe kwamfutar, ya tattara murafun ya mayar mini kicin.