Kwanson Harsashi a Kan Tabarma

Dikko yana tsiyaye ruwan tsamiya daga bokiti na biyu sai wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu a jikin wando ya ɗauka.

"Baba, muna kan ruwa cikin feri," in ji Firdaoussi. "Ni da Hakeem. Yau dai za ka ga jikanka yana rarrafe."

Dikko ya dubi ɗakin. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon wanki a unguwar Port Richmond da ke kan tsibiri, kuma tun da ya rabu da uwar Firdaoussi ba wanda ya taɓa hawowa. Tabarma biyu shimfiɗe a ƙasa, cike da kwanson harsashi, ya baza su kamar shanyar gero.

Aikinsa ke nan. Mai wani filin koyon harbi ne yake ba shi kwanson da aka riga aka harba. Shi kuma ya ware masu tsaga da waɗanda suka lotse, ya wanke sauran, ya sakace bakinsu, ya shanya, a mayar a sake ɗura musu albarushi. Da tsamiya yake wankewa, yadda ya ga uwarsa tana yi wa tasoshin tagulla a Maraɗi. 'Yarsa kuwa ya ce mata ƙarafan inji yake wankewa, domin mijinta Harouna har yau da sanda yake tafiya, tun harbin da ɓarayi suka yi masa a shago a unguwar Mount Hope.

Ya fara kwashewa cikin buhu, sai ya tsaya. Ko ya ɓoye kwanson, baƙar ƙurar tana nan, a tabarma, a tsagar katako, a ƙarƙashin farcensa. Dalma ce. Ya san abin da take yi wa yara. Mai rarrafe kuwa komai ya taɓa baki zai kai.

Ya sauka ya jira su a bakin titi, hannuwa cikin aljihun jaket.

"Ga abokin Kaka!" Firdaoussi ta ce tana dariya, ta miƙo yaron. "Karɓe shi, ya karya min kafaɗa. Ci kamar gara."

Hakeem ya miƙo hannu zai kama gemunsa. Dikko ya ja da baya. Ya sunkuya daga nesa ya karanta addu'a, bai shafa kan yaron ba.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Mu je gidan abincin can, in saya miki shinkafa."

"Na dafo tuwo tun daga Bronx. Jirgin ƙasa, feri, bas, da goyo." Muryarta ta sauka. "Mama ta ce kar in zo. Ta ce ba ka son mutane. Ni ce na yi musu."

Motoci suka wuce. Dikko ya ga ta gyara jakar a kafaɗa, ta juya fuska wajen tashar bas.

"Zo," ya ce. "Amma kar ki sauke shi."

Ya buɗe ƙofar, ya tare ta da jikinsa don kar ta wuce dokin ƙofa. Hasken taga ya sauka a kan tagullar, dubbai, suna ƙyalli. Ya fito da hannuwansa ya nuna mata.

"Guba ce, Firdaoussi. Shi ya sa."

Ta daɗe tana kallo. Ta matse yaron a ƙirji.

"Ƙarafan inji," ta ce.

"Maharba ne kawai, masu harbin allo."

"Ka gaya wa Harouna haka."

Ta ajiye kular tuwon a waje, bakin ƙofa, ta fara sauka. Yana jin takunta, mataki bayan mataki. A ƙasan bene ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Juma'a muna gida. Ka yanke farcen nan. Ka sa kayan da ba su taɓa kwana a ɗakin nan ba."

Ƙofar titi ta rufe. Dikko ya buɗe akwatinsa, ya ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya. Duk a nan suka kwana. Ya zauna a matakala, kular a gefensa, yana tunanin inda ake sayar da kaftani a wannan tsibiri.