Tsarabar Kailu daga Janet

Abu biyu Kailu ya kawo wa matarsa Habsatu da ya dawo Filinge daga aikin lambu a Janet ta Aljeriya: dashen icce a gwangwani, da tarin fuka a ƙirji.

Iccen, tarut Buzaye ke ce masa. Ganyensa siri-siri ne, ba ya kaɗewa ko da bazara, kuma wai ƴan kaɗan suka rage a duniya. Kailu ya dasa shi a tsakar gida, yana lallaɓa shi kamar ɗan fari, amma har gero ya nuna bai kai gwiwa ba.

"Ƙasa shika aiki," in ji Kailu. "Saiwa shika yi."

Tarin kuwa, likita ya ba shi magani, ya ce kada ya yi fashi sai watanni sun cika. Kailu ya sha, tari ya lafa, kumatu suka fito. Shi ke nan, gogan naku ya ce ya warke, ya daina shan magani.

"Iccenka ba a ganin komi bisa, kac ce ƙasa shika aiki," in ji Habsatu. "To, ƙwayar cutar ga ma haka take. Shi ana lallashi shi rayu, ita ana kora ta ƙi mutuwa."

Kailu ya yi dariya kawai. Habsatu kuwa ta miƙe. Ta matso da turken akuyarta, jar nan mai cin ko zanen shanya, kusa da iccen. Duk safiyar da ya ƙi magani, sai ta ƙara wa igiyar taki ɗaya. Kailu yana kallo, hankalinsa a tashe, amma taurin kai ya hana shi sauka.

Ranar da igiya ta kai, akuya ta miƙa wuya, ta gutsuri kan reshe. Nan take ta tofar, ta yi atishawa, ta koma kan dusarta. Kailu ya yi ta ƙyaƙyatawa har tari ya sarƙe shi, busasshen tarin nan na da.

Habsatu ta zauna a kan turmi, sai ga hawaye.

"Dabarata ta ƙare," ta ce. "Shekarun da kay yi Janet, na jira, don na san kana dawowa. Wagga tahiya da kaka shiri hwa, wa za ni jira?"

Tun aurensu bai taɓa ganin kukanta ba. Tausayi da kunya suka kama shi.

"Habsatu," ya ce a hankali, "ina kin ka aje maganin?"